Furen da Ke Shaƙe Mai Haƙuri

Tun da na zauna a Japan, duk shekara daga Fabrairu zuwa Afrilu nakan ga mutane cikin jirgin ƙasa sanye da takunkumi, idanunsu jajir suna ta atishawa, saboda ƙurar furen bishiyar sugi. Ciwon nan, da suke kira kafunsho, gado ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta sa aka cika duwatsu da sugi domin samun katako, iyaye suka yi gumi don 'ya'yansu su sami rufin asiri, sai katakon waje ya karya farashi aka bar bishiyoyin suka tsufa a tsaye, yau jikoki ne ke shaƙar abin da kakanni suka dasa. A 2023 gwamnati ta ce za ta rage waɗannan dazuka da kashi 20 cikin 100 a shekaru goma.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da na tarar da hanahaki a labaransu na almara, wato ciwon da fure ke tsiro wa mutum a ƙirji yana tarinsa saboda ƙaunar da ya ɓoye. Na karanta labaran da suka mai da ciwon cikin iyali: babbar 'ya tana ɓoye furen da ta tofar a hannun riga don kada mahaifiyarta ta gani, tana ci gaba da ɗawainiyar ƙanne har numfashi ya gagara.

A tatsuniyoyin da kakata ta yi mana da dare a tsakar gida, bishiya tana waje, ba a ƙirjin mutum ba. Tsamiya ko kuka gidan iska ce, uwa ce ke zuwa ta yi alkawarin 'yarta don biyan buƙata, ranar da Dodo ya zo karɓa kuwa kowa ya san bakin da ya ɗauki bashin.

Nan ne nake ganin tatsuniyarmu ta fi gaskiya. Labarin fure yana ƙawata shirun yarinyar har mai karatu ya shagala da kyan ciwon, ya manta bai tambayi wanda ya ɗora mata nauyin ba. Ni kuwa na san irin wannan yarinya, domin yayata ta bar makaranta don mu ƙanne mu yi karatu, aka yi ta yabon haƙurinta da kararta, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ji ko ta yarda.