Yawan wat ba shi ke ƙara wa sifikun baya sauti ba

Maganar nan tana damuna don kullum sai na ji ta, wai in sifikun bayan mota sun tsufa sun fara kakarewa, kawai ka nemo masu wat 300 ko 400 ka ɗaura, sauti zai ninka. Na gane dalili, lambar ce aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali, kowa zai ɗauka ita ce ƙarfin.

Amma sifika ba ta samar da wuta, karɓa take yi. Wat ɗin kwali yana nufin iya abin da za ta jure kafin ta ƙone ne. Rediyon da mota ta zo da shi daga kamfani kuwa, in babu amfilifaya daban, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa sifika, abin da yake bai wa kowace sifika bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ba, to ko mai 400 ka sa wannan ɗin dai za ta samu, wani lokacin ma sai ka ji tsohuwar ta fi ta tashi don irin manyan nan sai sun sha wuta sosai suke motsi.

Abin dubawa shi ne lambar dB, wato yadda sifika ke amsawa da wuta kaɗan. Misali mai 91 da mai 88, ta biyun sai an ninka mata wuta kafin ta kamo ta farkon.

Sai kuma om, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa wutar da ke shigarta. Yawanci 4 ne, amma wasu motocin masu amfilifayar kamfani 2 ne nasu, don haka ka ciro tsohuwar ka duba bayanta kafin ka saya, ka auna faɗin ramin da zurfinsa ma.