Kofin Wrexham na 2023 da masu cewa sayen sa aka yi

Jiya a majalisarmu muka yi musu har aka kira sallar isha'i. Wani abokina ya dage wai kofin National League da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wrexham ta ɗauka a 2023 kuɗin 'yan fim ne kawai. Na kwana da maganar a raina, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ga wanda bai sani ba, Wrexham gari ne a arewacin Wales, amma kulob ɗinsa, wanda aka kafa tun 1864, a gasannin Ingila yake buga wasa. A 2008 ya faɗa mataki na biyar, wato National League, ya shekara 15 a can. Wannan rukuni rami ne mai wuyar fita, domin a lokacin ƙungiya ɗaya tak ke haurawa kai tsaye, ta biyu sai ta bi ta wasannin cike gurbi. A kakar 2011/12 Wrexham ta tara maki 98, Fleetwood ta sha gabanta, ta zauna.

Ban musa batun kuɗi ba. 'Yan fim ɗin, wato Ryan Reynolds da Rob McElhenney, sun sayi kulob ɗin a 2021, suka kawo koci Phil Parkinson wanda ya taɓa riƙe Sunderland, suka janyo Paul Mullin daga Cambridge alhali shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a rukunin da ke sama da nasu. Talakan kulob ba zai iya wannan ba, gaskiya ɗaya ce.

To amma a hannun wa suka saya? A hannun magoya baya. A 2011 kulob ɗin ya kai gargarar mutuwa, ana shirin hana shi shiga gasa idan bai ajiye kuɗin jingina ba. Mutanen gari suka yi karo-karo, cikin kwana guda suka haɗa sama da fam 100,000. Daga baya ƙungiyar magoya baya ta karɓi ragamar kulob ɗin, ta riƙe shi kusan shekara goma cikin talauci, kuma su ne suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a sayar. Da sun bari ya mutu, me 'yan fim za su tarar? Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, kuma shi ne ba a cika faɗa ba.

Sannan kuɗin ma bai yi aiki nan take ba. Cikakkiyar kakarsu ta farko Stockport ce ta ɗauki kofi, Grimsby kuma ta zo har filinsu na Racecourse ta fitar da su a wasan cike gurbi da ci 5 da 4.

Kakar 2022/23 kuwa, Allah ya haɗa su da Notts County, wadda ba ta da taurarin Amurka a bayanta amma ta ƙi sakin wuyansu. Ranar 10 ga Afrilu 2023 suka haɗu, kowa na da maki 100. Notts ta fara ci da bugun tazara, Mullin ya farke, Wrexham ta wuce gaba, Notts ta rama, Elliot Lee ya ci ta uku. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba Notts fenariti. Golan Wrexham shi ne Ben Foster, ɗan shekara 40, wanda ya riga ya yi ritaya aka lallaso shi ya dawo makonni kaɗan kafin nan. Ya yi tsalle ya ture ƙwallon Cedwyn Scott. Ku gaya min, a wace kasuwa ake sayar da wannan?

Bayan kwana 12 suka doke Boreham Wood 3 da 1, bayan an zura musu ƙwallo a minti na farko, jama'a suka cika fili ana kuka. Sun gama da maki 111, Mullin na da ƙwallo 38 a gasar.

Abin da ya ci min rai shi ne Notts. Maki 107, ɗan wasansu Macaulay Langstaff ya ci ƙwallo 42, amma sai da suka je Wembley suka sha da ƙyar a hannun Chesterfield da bugun fenariti kafin su haura. Da sun faɗi ranar, wallahi da an zalunce su. Tsarin ba da gurbi ɗaya bai dace ba.

Abokin nawa ɗan Pillars ne na gani kashe ni, kuma ya san zafin da muka ji a 2022 da ta faɗa rukuni na ƙasa. Na tambaye shi ko sau nawa ya je kallonta kafin ta dawo a 2023. Ya ce sau biyu, sauran ranakun yana gidan kallo wajen Arsenal.