Gyaran gangar Auzinawa aka yi wa bindigata

A ƙasar nan ta Amurka, duk wanda ya sayi ɗan injin gurza ya kalli bidiyo a YouTube, gobe sai ka ga ya kafa allo a ƙofar garejinsa wai shi mai gyaran bindiga ne. Kuma ba wanda zai hana shi. Lasisin da dokar bindigogi ta 1968 ta wajabta wa masu wannan sana'a yanzu dala 200 ne na shekara 3 na farko. Za a ɗauki zanen yatsunka, a bincika ko ka taɓa aikata laifi, a zo a ga inda za ka yi aikin. Amma babu mahaluƙin da zai miƙo maka sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu, ya ce nuna mana inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa. A hannun irin waɗannan na faɗa, kuma har yanzu raina tafasa yake.

Bindigata Lee-Enfield ce, lamba 4, wadda aka ƙera a masana'antar Long Branch kusa da Toronto a 1943. Ita ce wadda muka tashi muna gani a kafaɗar 'yan sanda a gida ana ce mata Mak Fo, kuma danginta kakanninmu suka saɓa a yaƙin Bama. A jihar Fensilbeniya inda nake, doka ba ta yarda a harbi barewa da bindigar raifil da ke ɗura wa kanta harsashi ba, dole sai wadda ake sarrafawa da hannu, don haka masu sakata ke cin kasuwarsu a nan. Ni kuwa farauta ba wasa ba ce a wurina. Nama ne na halal da nake yi wa bisimilla da bakina, iyalina su ci har damina.

Matsalarta ɗaya tak. In sanyi ya tsananta, sakatar tana ɗan cijewa a tsakiyar hanya, saboda tsohon giris da ya daskare da ɗan tsatsa a kan hanyar da take bi. Abin da na ce a yi ke nan: a wanke ta fes, a ɗan shafe inda take gurzawa, a sa mata mai. Aikin tsumma ne da man wanki, in ya yi tsanani a haɗa da dutse mai laushi.

Mai gyaran da na kai wa ya karɓi dala 150, ya miƙo mini sakata tana sheƙi har kana ganin fuskarka a jiki. Yana murmushi, wai bai taɓa fitar da aiki mai kyau irin wannan ba.

To ga abin da bai sani ba, alhali ko yaron shagon mai gyara na ƙwarai ya san shi. Ita Lee-Enfield, ba lokacin da ka ɗaga hannun sakata take ɗana allurar da ke bugun gindin harsashi ba, kamar yadda Mauser 98 da yawancin bindigogin farauta na yanzu suke yi. Lokacin da ka tura ta gaba za ka rufe take ɗanawa. Wannan ɗan taurin da kake ji a ƙarshen turawa, sifirin da ke cilla allurar ne kake matsewa, haka aka tsara ta tun asali. Shi ya ji taurin ya ɗauka cuta ce, sai ya shiga magani. Ya rage tsawon sifirin. Ya gurje ƙarfen bayan allura, daidai wurin da kunama ke riƙe shi, har kusurwar ta zama mulmulalliya. Sannan, wanda ya fi ƙona mini rai, ya bi haƙoran kulle biyu da ke bayan sakatar da gurbinsu a jikin bindigar, ya ci su don ta riƙa rufuwa ba gardama.

Haba jama'a! Waɗannan haƙoran su ne ke tsaye tsakanin fuskata da wutar harsashi. Idan harsashinta mai lamba .303 ya tashi, ƙarfin da ke cikin bututun ya haura fam 40,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma duk abin da ya turo baya a kan haƙoran nan yake sauka, ido na kuma yana daidai bayansu. Fatar waje kawai aka ƙarfafa wa gurbinsu da wuta, siririya ce ƙwarai, ƙarƙashinta ƙarfe ne mai taushi. Ka cinye fatar, kowane harbi sai ya ƙara lotsa wurin. Tazarar da sojan Birtaniya suka yarda da ita tsakanin fuskar sakata da bakin ɗakin harsashi daga inci 0.064 ce zuwa 0.074. Bambancin rubu'in milimita ke nan. A kan rubu'in milimita ake maganar rai, shi kuwa ya shiga da injin da ke juyawa dubbai a minti ɗaya.

Ban san ɓarnar ba sai a filin gwaji. Wani harsashin allura ta buga shi a raunane ya ƙi tashi. Waɗanda suka tashi, kwansonsu ya fito da wani zobe mai haske kusa da gindi, alamar tagullar ta miƙe tana dab da tsinkewa. Da na cire harsasai na tura sakatar da ɗan ƙarfi, sai na ji allura ta faɗi da kanta, yatsana ko kusa da kunama bai je ba. Ku duba fa. Bindigar da nake shiga daji da ita, mutane a gabana da bayana. Da akwai harsashi a ciki, da yanzu wani labarin ake yi, Allah dai ya kiyaye.

Wani dattijo da ya tsufa a sana'ar na kai wa. Bai ce uffan ba sai da ya zura ma'auninsa, sakata ta rufe a kan babban ma'aunin sumul, wanda bai kamata ta rufe a kansa ba sam. Masu ƙirar lamba 4 sun yi dabara: kan sakatar ana kwance shi a sauya, akwai lamba 0 har zuwa 3, kowanne ya ɗara na bayansa tsawo, don a rage tazara idan bindiga ta tsufa. Ya ɗaura mai lamba 3, duk da haka ta rufe. Ya kuma nuna mini da shuɗin alli cewa haƙori ɗaya ne ke ɗaukar nauyi, ɗayan a iska yake. Sifirin da ƙarfen bayan allura ana samun su a kasuwa da kuɗi kaɗan. Gangar jikin bindiga kuwa, in an cinye ta an cinye, ƙarfen da aka gurje ba ya komawa. Ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai harba ta ba.

Da na koma wa mai sheƙi da wannan bayani, sai ya shafa wa idonsa toka. Wai bindigar ta haura shekara 80, me nake tsammani. Wannan shi ne rainin hankali. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada sun riƙe irin wannan bindiga tun 1947, sai wajen 2018 aka fara sauya musu, a cikin ƙanƙarar da take daskarar da komai, kuma ba madubi aka mayar musu da sakata ba. Shekara 80 ba su yi mata abin da ya yi mata da yammaci ɗaya ba. Da hujja ta ƙare masa, sai ya zaro takardar karɓar kaya, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a ƙasa, wai ba ya ɗaukar alhakin tsofaffin bindigogin soja. In ba ka san su ba, me ya hana ka ce ba ka sani ba tun farko? Wa ya taɓa mutuwa don ya ce wannan aikin ya fi ƙarfina? Kuma ko ma'aunin tazarar .303 babu a shagonsa, da bakinsa ya faɗa, wato ya gurji haƙoran kulle ba shi da abin da zai auna ko ya wuce gona da iri.

Farautar barewa da bindiga a nan ranar Asabar da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba take buɗewa, mako 2 kacal. Ta zo ta wuce ina zaune a gida, na biya kuɗin lasisin farauta a banza, firiza kuma wayam. Tayin da ya yi mini na ƙarshe shi ne zai mayar da rabin kuɗin aiki, wai don a zauna lafiya. Rabin kuɗin aiki! Bindigar fa?

Ban karɓa ba. Dattijon ya rubuta mini abin da ya auna ya sa hannu, kwanson harsasan na nan a leda, kuma ƙaramar kotun yankinmu tana sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 12,000 ba, ba sai da lauya ba. Can za mu haɗu, ya zo da ƙaramin rubutunsa ya yi wa alƙali bayanin yadda allura ke faɗuwa ba a taɓa kunama ba.