Kuɗin gyaran gida a Maris ake turawa, ba a Agusta ba

'Yan uwana 'yan Zazzau da ke waje, musamman mu masu turo kuɗi ana mana gini a gida, akwai maganar da ta daɗe tana cina. Mun iya gini, wannan ba musu, amma kula da gida bayan an gama shi ne ba mu iya ba, kuma zaman Houston ne ya sa na fara ganin abun sosai.

Garin nan zafi ne da gumi, ba irin zafin Zariya na Afrilu ba da in ka samu inuwa ka tsira, nan iskar kanta a jiƙe take. Lokacin guguwa a hukumance daga 1 ga Yuni ne har 30 ga Nuwamba, toh tun kafin nan za ka ga maƙwabta a kan tsani suna kwashe ganye daga hanyar ruwan bakin rufi, ana sare rassan da suka leƙo kan gida, ana tada janareta a ji lafiyarsa. Esi kuwa ba don sanyi kaɗai ake kunna shi ba, shi ke tsotse danshin ɗaki, ruwan da ya tsotso ya bi wani siririn bututu ya fita waje, ranar da bututun nan ya toshe sai ruwan ya koma cikin silin kai ba ka sani ba sai ka ga bango ya yi baƙi da funfuna, kuma bangon ma katako ne da wani allo mai laushi wanda in ya sha ruwa sai dai a yanke a zubar. Wanda ya fi ba ni dariya, in aka kwana biyu ba ruwa sai mutum ya zagaye gidansa da tiyo yana ba fandisho ruwa, wai ƙasar laka ce, in ta bushe ta tsuke ginin ya tsage. Kuma gaskiya ne fa.

Kar wani ya ce na zo yabon Bature. Ba hali ba ne, wuya ce ta koya musu. Guguwar Harvey a Agustan 2017 ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,500 a wasu wurare na kudu maso gabashin Texas cikin 'yan kwanaki, alhali Zariya daminarta gaba ɗaya dubu da ɗan wani abu ce. Guguwar Beryl ta zo a Yulin 2024, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 ba wuta, wasu har fiye da sati, lokacin ne mu 'yan Najeriya muka zama malaman janareta a unguwa. Ga kamfanin inshora a gefe, rufinka ya tsufa ya ƙara maka kuɗi ko ya ce ya fasa, kuma inshorar gida ba ta biyan ambaliya sai ka sayi tata daban.

Abun haushin shi ne iyayenmu a cikin birni suna da wannan tsarin, ba inshora ba takarda. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa, ko Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona, ya san kafin ruwan farko akwai yaɓe. A kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu ta nuna, magini ya hau soro yana bin tsaga ɗaya bayan ɗaya, a shafa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame, a gyara zaman indararo ya watsa ruwa nesa da gindin bango, domin ginin ƙasa ta gindi ruwa ke cinsa. Masu hali su yi laso, katsi daga marina da gashin jima daga majema da dafara. Azara kuma ta giginya ce, gara ba ta samun yadda take so da ita. Da irin wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Mikaila ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun shekarun 1830, ya yi kusan shekara 190 kafin wani ɓangarensa ya rufta a Agustan 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ciki.

Da bulo da kwano suka zo sai muka ɗauka shikenan an gama da wahala. Hadarin farko na Afrilu zuwa Mayu, wanda iska da ƙura ke rigan ruwa isowa, duk shekara sai ya yaye kwanon mutane, a ce ikon Allah ne. Ikon Allah ne mana, amma je ka duba, ƙusa ta saki tun bara, katakon gara ta rarake shi, ko kuma tun farko kafinta bai ɗaure rufin da ƙarfe a jikin bulo ba. Lambatu kuma ba a magana, cike da ledar fiya wata, in an yi zuciya an yashe sai a tara dattin a bakinsa ruwan farko ya mayar.

Mu na waje mun fi kowa laifi wallahi. Ka tura miliyoyi an dasa gida a Hanwa ko Gwargwaje ko Palladan, an turo maka hoto ka ji daɗi, an rufe da kwaɗo, ba mai shiga ba mai buɗe taga. Sai tsakiyar Agusta a kira ka, Yaya silin ɗin falo ya zubo. A lokacin ruwa ake kusan kullum, fenti ba ya kama bango mai danshi, kafinta ma ya san a matse kake.

Kuma muna da gatan da mutanen Houston ba su da shi, daga Nuwamba zuwa Maris rani ne fes, hunturu ya busar da komai kyauta. Ni dai yanzu abun da nake ce wa ƙanena, Maris na kamawa ya nemo kafinta ya shiga cikin silin da fitila tsakar rana, duk inda ya ga haske na leƙowa ta kwano nan ruwa zai bi, a canza ƙusa, a shafa wa katako baƙin mai, a yashe lambatun ƙofar gida a kwashe dattin da baro. Kuɗin kafintan ma daban nake turawa, don in na haɗa da na cefane ba ya isa hannunsa.