Rabe-raben bugunan Dungeons & Dragons: sunayen da 'yan wasa suka raɗa sun fi amfani

Duk wanda ya shiga zaurukan intanet inda masu wasan Dungeons & Dragons ke haɗuwa zai tarar da cewa kafin a tambaye shi sunan jaruminsa, ana fara tambayarsa bugun da yake bi. Wasa ne da mutane ke zama a kewayen tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, jagoran wasa yana tsara labari, ana jefa ƙwaya mai fuska 20 domin a san ko abin da jarumi ya yunƙura yi ya yiwu. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR a Amurka, an sake rubuta dokokinsa sau da dama, kuma ra'ayina shi ne rabe-raben da 'yan wasa suka yi wa waɗannan dokoki sun fi na kamfani gaskiya da amfani.

Lissafin kamfani tun asali a karkace yake. Daga 1977 wasan ya rabu gida biyu: akwai Advanced Dungeons & Dragons mai dokoki masu yawa, akwai kuma mai sauƙi na masu koyo. Na farkon ya samu bugu na biyu a 1989. Bayan Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, sai ya fitar da sabbin dokoki a 2000 ya kira su bugu na uku, wato ya ci gaba da ƙirgen reshen Advanced, ya bar ɗayan ba lamba. 'Yan wasa ne suka cike wannan giɓi. Na 1974 suka kira shi OD&D ko 0e, littattafan masu koyo kuma suka bambanta su da sunayen waɗanda suka tsara su: Holmes na 1977, Moldvay da Cook na 1981 wanda ake ce wa B/X, sai Mentzer na 1983 da ake kira BECMI. Babu wani ofishi da ya zauna ya tsara wannan; buƙata ce ta haifar da shi.

Buƙatar kuwa a fili take ga wanda ya taɓa riƙe takardar jarumi, wato takardar da ake rubuta lambobin jarumi a kai. A tsoffin dokokin Advanced, lambar kariyar jiki tana raguwa ne idan sulke ya yi ƙarfi: wanda bai sa komai ba yana da 10, mai sulken ƙarfe da garkuwa yana da 2. Daga bugu na uku aka juya lissafin, babbar lamba ta zama ita ce kariya, ta yadda a bugu na biyar mai sulke da garkuwa yake da 20. Idan mutum ya zo da takarda mai lamba 2 wurin da ake bin sabuwar doka, jaruminsa da ya fi kowa kariya ya koma wanda kusan kowane hari zai same shi. Saboda haka tambayar da kowane suna ya kamata ya amsa ita ce ko littafina da naka za su yi aiki tare a tebur ɗaya.

Kamfani kuwa yana da wata damuwa daban, domin kiran abu sabon bugu yana tsorata waɗanda suka riga suka kashe kuɗi a kan tsoffin littattafai. Ya ga abin da ya faru a 2008, lokacin da bugu na huɗu ya sauya wasan sosai, jama'a da yawa suka koma wasan Pathfinder na kamfanin Paizo da ya fito a 2009, wanda aka gina a kan dokokin 3.5, wato gyararren bugu na uku, har wasu ke kiransa 3.75. Don haka da aka sabunta littattafan bugu na biyar a 2024, bayan shekara goma da fitowarsu, sai aka gabatar da su a matsayin ci gaban bugu na biyar ɗin. Amma an ƙara dokar ƙwarewa a makamai, an kuma mayar da ƙarin makin iyawa daga jinsin halittar jarumi (mutum ne ko wata halitta) zuwa tarihin rayuwarsa. 'Yan wasa suka fara cewa 5.5 ko dokokin 2024, kuma ina ganin sun yi daidai, tunda jagora yana buƙatar ya san wanne ɗan wasa ya karanta kafin a zauna.

Inda nake sukar waɗannan zauruka shi ne lokacin da suna ya tashi daga bayani ya zama abin gori. Lakabin OSR, na masu farfaɗo da tsohon salo, ya bunƙasa ne bayan lasisin OGL na 2000, wanda ya bai wa wasu izinin amfani da dokokin wasan, ya buɗe hanyar sake rubuta tsoffin dokoki, irin su littafin OSRIC da ya sake rubuta dokokin Advanced a 2006, kuma aiki ne mai kyau da ya ceto wasannin da aka daina bugawa. Sai dai wasu sun mayar da shi ma'aunin wane ne ɗan wasa na gaske, suna raina wanda ya fara da bugu na biyar, kamar yadda aka daɗe ana yi wa masu son bugu na huɗu. Sabon shiga da ya tambayi bambancin B/X da BECMI ya cancanci a gaya masa cewa na farkon yana tsayar da ci gaban jarumi a mataki na 14, na biyun yana kaiwa 36, a kuma nuna masa teburin da ake neman ɗan wasa.