Zamfara: Sai gwamna ya sauka ake buɗe littafinsa

A watan Nuwamban 2019 ne akasarin mutanen Zamfara suka ji cewa akwai dokar da ta ba tsohon gwamnan jiharsu naira miliyan 10 duk wata na kula da kai, ban da fansho. Labarin bai fito daga bakin majalisar dokoki ko mai binciken kuɗi na jiha ba. Wata wasiƙa ce ta ɓulla, wadda tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya aika wa gwamnatin Bello Matawalle yana neman a biya shi abin da doka ta ce nasa ne. Cikin 'yan kwanaki majalisa ta zauna ta soke dokar, gwamnati ta ce da ma tana lashe kimanin naira miliyan 700 a shekara. Jama'a suka yi ta sa albarka.

Soke dokar ya yi daidai, ko shakka babu. Amma da a ce ɗan takarar da Yari ya tsayar ne ya shiga gidan gwamnati a Gusau, da wa zai ga wannan wasiƙa? Da an biya kuɗin shiru, mai kula da baitulmali ya sa hannu, an wuce wurin. Mun san abin da muka sani ne saboda mutanen biyu ba sa ga-maciji a lokacin. Wannan shi ne ciwon da nake gani a siyasar jihar nan: gaskiyar yadda aka kashe dukiyar jama'a ba ta fitowa sai manya sun ɓata, kuma da zarar sun shirya sai a rufe maganar.

Haka aka sake yi a 2023. Kwanaki kaɗan kafin Matawalle ya sauka, hukumar EFCC ta ce tana bincikensa kan naira biliyan 70, shi kuma ya zargi shugabanta na lokacin, Abdulrasheed Bawa, da neman cin hancin dala miliyan 2. Da Dauda Lawal ya hau, sai aka shiga jero abin da aka gada: bashin WAEC da NECO da ya hana ɗalibai ganin sakamakonsu, giratutin tsofaffin ma'aikata na sama da naira biliyan 13 da gwamnati ta ce ya taru tun 2011, kwangilar filin jirgin sama na Gusau, har da rigimar motocin gwamnati da aka ce Matawalle ya tafi da su. An sha taron manema labarai, an sha musayar yawu. Matawalle ya zama ƙaramin ministan tsaro a Agustan 2023, Yari kuma ya tafi majalisar dattawa. Ni ban ce wane ya ci ko bai ci ba, wannan aikin alƙali ne. Sai dai tun da aka yanke jihar daga Sakkwato a 1996, babu tsohon gwamnan da kotu ta yanke wa hukunci kan dukiyar Zamfara. In ƙazafi ake yi musu, an zalunce su. In kuwa gaskiya ne, an zalunci talaka. Ko ta wane gefe aka duba, zargin da ba ya kaiwa ga hukunci makamin siyasa ne kawai.

Jam'iyya ma ba ta raba gardama a nan. Mahmud Aliyu Shinkafi ya ci zaɓe a ANPP a 2007, ya ƙare mulkinsa a PDP. A ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da dukkan ƙuri'un APC saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, sakamakon rikicin ɓangaren Yari da na su Sanata Kabiru Marafa. Dare ɗaya PDP ta tsinci kujerar gwamna, ta sanatoci 3, ta 'yan majalisar wakilai 7 da ta 'yan majalisar jiha 23 daga cikin 24. A Yunin 2021 Matawalle ya sauya sheƙa zuwa APC, kusan duk majalisar ta bi shi. Mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi, aka tsige shi a Fabrairun 2022. Wato majalisar da ba kasafai ake jin ta tsare gwamna kan lissafin kuɗi ba, ta iya aikinta sarai ranar da aka ce ta cire wanda ya ƙi bin ayari.

Nan ne ya kamata mu daɗe muna kallo. Sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya ba gwamna rigar kariya, ba a gurfanar da shi yana kan mulki. To amma kundin bai bar shi sakaka ba. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin kuɗi, tana da ikon kiran kowane kwamishina ya yi bayani, kuma sashe na 125 ya ce mai binciken kuɗi na jiha gare ta zai miƙa rahotonsa. Duk wannan yana rubuce. Abin da ya rushe shi shi ne yadda ake samun tikiti. Ɗan majalisar da gwamna ya ɗauko ya ɗora, wanda motarsa da kuɗin aikin mazaɓarsa da takararsa ta gaba duk suna hannun mutum ɗaya, ɗan amshin shata ne ko da ya fi kowa ilimi. Rabuwar da majalisar ta yi gida biyu a 2024, aka dakatar da wasu 'yan majalisa, ita ma ba ta haifar wa talaka da wani rahoton bincike ba, sai dai mazaɓun da suka zauna babu wakili.

A ƙananan hukumomi abin ya fi muni. A 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, a daina naɗa kantomomi. Sai jihohi suka ruga suka yi zaɓe. A Kebbi APC mai mulki ta kwashe dukkan kujeru 21, a Zamfara PDP mai mulki a lokacin ta kwashe 14. Maƙwabta biyu, jam'iyyu biyu masu zagin juna, sakamako iri ɗaya. Ciyaman ɗin da aka kawo ta wannan hanya ya san wanda zai gode wa, kuma ba mutanen Ɗansadau ko Zurmi ba ne.

Masu kare gwamnati za su ce tsaro ya cinye komai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Jihar da aka kwashi 'yan mata 279 a makarantar Jangebe a 2021, aka rufe layukan waya a Satumban shekarar, aka ƙaddamar da dakarun tsaron jiha, wato Askarawa, a Janairun 2024, dole ta kashe kuɗi. Amma wannan hujja ce ta ƙara buɗe littafi. Manomin da sai ya biya harajin 'yan bindiga kafin ya girbe gerorsa yana da haƙƙin sanin nawa aka ware da sunan tsaronsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023 kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai, kuma daga aljihun wannan manomin aka cire shi, a kuɗin mota da taki da magani. Ga madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatan Mafara, ga zinaren Anka da Bukkuyum wanda gubar dalmarsa ta kashe yara sama da 400 a 2010. Arziki dai akwai shi, lissafinsa ne ba a gani.

Gyaran da nake nema ba sai an jira Abuja ba. A buga rahoton mai binciken kuɗi duk shekara da Hausa, a karanta shi a gidajen rediyo kamar yadda ake karanta sanarwar gwamna. Kowace ƙaramar hukuma ta liƙa abin da ta karɓa da abin da ta kashe duk wata a ƙofar sakatariya. Kwangilar da ta kai wani adadi a bayyana sunan ɗan kwangila da kuɗinta kafin a fara aiki. Sauya sheƙar gwamna kuwa sai an taɓa kundin tsarin mulki, domin 'yan majalisa kaɗai sashe na 68 da na 109 suka ce za su rasa kujera, su ma ana samo musu kafa.

Akwai kuma namu laifin, musamman matasan da suka zama sojojin baka a Facebook. Wanda ya kwana yana neman a binciki Yari a 2019 shi ne ya koma yana kare shi da aka shirya, wanda ke zagin Matawalle a yau ba ya son a tambayi gwamna mai ci ko sisi. Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011, takarda ɗaya ake rubutawa. Ƙungiyoyin ƙwadago, malaman makaranta, 'yan kasuwar Gusau da limaman Juma'a za su iya fara tambayar ɗan majalisar mazaɓarsu ranar da kwamitin kula da asusun gwamnati ya yi zamansa na ƙarshe, da kuma inda rahoton yake.