Fim ɗin da ya ci min kuɗin sifika

Ƙanena ne ya turo min wani tsohon fim na Jamus, wai labarin wani mai tsara kiɗa da basira ta ƙafe masa, ya saɓi jaka yana bin gari gari ko zai dace da sabon sauti. Ni kuwa ba a bar ni a baya ba wajen son kiɗa. Bayan isha'i na miƙe a tabarma na kunna.

Hoto baƙi da fari. Ga bawan Allah a gaban piyano yana ta zuba yatsu, sumarsa na rawa, wata Baturiya a gefe har da hawaye. Ni ko ƙyas ban ji ba. Na ƙure murya, shiru. Na hura ramin sifika, na zura tsinken sakace, na bubbuga wayar a tafin hannu kamar tsohuwar rediyo. Ko tunanin gwada wata waƙa bai zo min ba, kada ma ku tambaye ni dalili.

Da safe sai wajen mai gyara. Ko kunnawa bai yi ba ya ce, "Alhaji, sifika ta tafi." Na ƙirga masa naira 4,000. Ya sa sabuwa, ya gwada da waƙa, ta tashi rangaɗau.

Na koma gida na kunna fim. Mutumin na nan yana ta dukan piyano, babu ko tari.

Na dawo shagon da zafina, har mutane suka taru. Ina cikin sababi sai na kira ƙanen nawa ya zama shaida. Sai da ya yi dariya mai isarsa sannan ya ce, "Yaya, ai fim ɗin ba shi da murya tun asali." Wai sai a 1927 aka fara fitar da dogon fim mai magana a Amurka. Kafin nan, makaɗi ake zaunarwa a gindin majigi yana buga piyano, 'yan kallo na bin labari da ido. Rubutun nan da ke fitowa a kan baƙin allo, wanda nake ta tsallakewa a zaton sunayen 'yan wasa ne, ashe shi ne zancen.

Na sassauta murya na ce a ba ni tsohuwar sifikata. Mai gyara ya waiwaya ya kalli yaronsa. A lokacin ne na lura da waƙar da ke tashi daga aljihun yaron, tas da ita.